Komin Ingal ta Jihar Agadas: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ƙasarta, Jama'arta da Garuruwanta

Ɗalibai, ma'aikatan da aka turo aiki arewa, fatake da masu niyyar zuwa bikin makiyaya suna yawan maimaita tambayoyi iri ɗaya game da Ingal. Yawancin ruɗanin yana zuwa ne daga auna ta da ma'aunin ƙasar noma, inda gari ke zaune wuri guda kuma gona ke da iyaka. A Ingal ruwa da ciyawa ne ke faɗin inda mutane za su kasance.

Ina Ingal take, kuma me ake nufi da komin karkara?

Ingal tana yammacin jihar Agadas a Jamhuriyar Nijar. Daga birnin Agadas zuwa garin Ingal kimanin kilomita 160 ne ta kwalta. Komin ita ce matakin mulki mafi kusa da talaka a Nijar, kwatankwacin ƙaramar hukuma a Najeriya. Sama da ita akwai gunduma, sama da gunduma akwai jiha. Ana kiran komin ta karkara idan yawancin jama'arta ba a birni suke ba, suna rayuwa ne da kiwo ko noma. An yi zaɓen farko na majalisun komin a shekarar 2004.

A da Ingal tana ƙarƙashin gundumar Cirozerin. A 2011, lokacin da aka ƙara yawan gundumomin ƙasar daga 36 zuwa 63, ta zama gunduma mai zaman kanta, kuma komin guda ɗaya tal ke cikin gundumar. Saboda haka sunan Ingal yana iya nufin gari, ko komin, ko gunduma. Duk takardar da ka riƙe, fara tantance wanne take nufi.

Yaya girmanta yake, kuma da wa take iyaka?

Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 50,000. Ta fi duk jihar Maraɗi girma, ta kuma ninka jihar Kano ta Najeriya fiye da sau biyu. Ta arewa tana kaiwa har iyakar Aljeriya. Ta gabas tana maƙwabtaka da yankunan Arlit da Cirozerin, ta kudu maso gabas da Adarbisanat, ta yamma da kudu maso yamma kuma da yankunan Tasara da Abalak na jihar Tawa. Garin Ingal yana can kudancin komin, abin da ya sa mutanen arewacinta ke da nisa ƙwarai da ofishin da ke mulkinsu. Duba amsar da ta shafi Asamaka.

Duk hamada ce, ko akwai bambancin ƙasa?

Ba iri ɗaya ba ce. A kudu akwai gangaren dutsen Tigidit, wanda ya yi baka ya zagaye yankin ta kudu, bayansa kuma tudun rairayi ne mai ciyawa da itatuwan ƙaya. Garin Ingal yana kusa da gindin wannan gangare, a bakin wata korama da ke gudu da damina kaɗai.

Arewa da shi fadamar Irhazer ce, shimfiɗaɗɗen fili na jan laka wanda ke karɓar ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Abzin da kuma Tigidit, ya tura shi yamma zuwa kwarin Azawak. Wannan fili shi ne zuciyar komin. Da rani a bushe yake, a tsattsage, ba inuwa. Da ruwa ya sauka sai ya rufe da ciyawa mai ƙarfi, lakar kuma ta riƙe tafkuna na 'yan makonni. Ƙasar da maɓuɓɓugan wurin suna da gishiri da kanwa. A ƙarƙashinta akwai ruwa mai zurfi cikin dutsen yashi, har wasu rijiyoyin burtsatse na fitar da ruwa da kansu ba tare da inji ba.

Daga nan zuwa iyakar Aljeriya sai Tamasna: tsakuwa, rairayi, da rijiyoyi masu nisan zango tsakaninsu.

Yaya ruwan sama da zafi suke?

Damina gajera ce, daga Yuli zuwa Satumba, mafi yawan ruwan a Agusta. A kudancin komin abin da ke sauka a shekara yana kaiwa wajen milimita 200 idan an dace, yana raguwa yayin da aka nausa arewa har ya kusa zama babu. Abin da ya fi jimillar muhimmanci shi ne rabon ruwan: wani kwari ya samu sau uku a mako biyu, na kusa da shi bai ga ɗigo ba. Makiyayi ba ya iya zama wuri ɗaya yana jiran irin wannan ruwa. Daga Afrilu zuwa Yuni zafi yana wuce digiri 40, a Disamba da Janairu kuma dare na yin sanyi mai tsanani da iskar hunturu.

Mutum nawa ne ke zaune a komin?

Ƙidayar jama'a ta Disamban 2012 ta ba Ingal mutum 51,903, cikin 487,620 na duk jihar Agadas. Idan aka raba da faɗin ƙasar, kusan mutum ɗaya ne a kowane murabba'in kilomita. Jihar Maraɗi da ba ta kai ta girma ba tana da mutum sama da miliyan 3 a wannan ƙidayar. Mazauna garin Ingal kansa ba su kai dubu goma ba a lokacin. Sauran jama'ar a watse suke a ƙauyuka, zanguna da bakin rijiyoyi. Duk wani adadi da ka gani na bayan 2012, ka duba ko hasashe ne da aka ɗora kan wannan ƙidayar.

Me ya sa alƙaluman jama'a ke saɓa wa juna?

Dalili na farko shi ne lokacin ƙirga. A Disamba yawancin garkunan da suka cika Irhazer da damina sun riga sun koma kudu da masu su. Wanda ya ƙirga a Satumba zai samu fiye da wanda ya ƙirga a Afrilu, kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Na biyu, rajista iri biyu ce. Ma'aikatan ƙidaya suna rubuta mutum a inda suka same shi. Rajistar haraji kuwa tana bin shugaban da mutum ke ƙarƙashinsa, ko da tantinsa na kilomita ɗari uku daga nan. Akwai iyalan da ke shekara a ƙasar Ingal amma sunansu na Abalak ko Cirozerin, akwai kuma masu rajistar Ingal da ke rani a jihar Tawa. Na uku, zango mai tanti huɗu ko biyar a tsakiyar daji yana da sauƙin tsallakewa, kuma wasu masu gida ba sa son faɗin yawan iyali ko na dabbobi don tsoron haraji. Wanda zai tsara rigakafi, makaranta ko rabon abinci ya haɗa alƙaluman ƙidaya da na sarakuna, ya kuma tambayi wace rijiya ake sha a wane wata.

Waɗanne al'ummu ne ke zaune a can?

Isawaghan su ne mutanen gari na asali, a Ingal da Tigidda-n-Tesumt. Dabino, gishiri da kasuwanci ne sana'arsu. Tarihin baka nasu yana danganta su da tsohon birnin Azelik, wanda bayan rushewarsa mutanensa suka koma waɗannan garuruwa biyu.

Abzinawa su ne mafi yawa a daji, kuma su ma ba dunƙule ɗaya ba ne. Akwai Kel Fadai, waɗanda ƙasar Ingal ce cibiyarsu, akwai Kel Farwan, akwai Ihaggaran, akwai Igdalan da aka sani da malanta. Raƙuma, awaki da tumaki suka fi kiwo, tare da shanun Azawak. Fulani kuwa mafi yawansu Woɗaaɓe ne, waɗanda Hausawa ke kira Bororo, masu jajayen shanu dogayen ƙaho. Sun hauro arewa ne sannu a hankali cikin ƙarni na 20 yayin da gonaki ke cinye makiyayar kudu. Akwai Larabawa, musamman Kunta, masu raƙuma da fatauci da motocin sufuri. Akwai kuma Hausawa daga Adar, Gobir da Damagaram, waɗanda ke riƙe da kanti, fawa, dillanci da cinikin hatsi, sai ma'aikatan gwamnati daga ko'ina cikin ƙasar.

Abin da ke riƙe da su wuri ɗaya shi ne bukatar juna. Makiyayi na bukatar gero, shayi, sukari da gishirin dabbobi; mutumin gari na bukatar nono, cuku, nama da raƙumin dako. Yawancin iyalan daji suna da mai masauki a gari wanda ke ajiye musu kaya, ya ba su bashi da rani, a biya da dabba bayan damina. Saɓani na faruwa, galibi a bakin rijiya, amma wanda ya ɗauka ƙabilanci ne tushensa ya yi kuskuren karatu; duba amsar da ta shafi mallakar rijiya.

Da wane harshe ake magana?

Isawaghan suna da harshensu, Tasawak, wanda ƙashin bayansa na dangin Sonrai ne, ɗan'uwan Zabarmanci, amma cike yake da kalmomin Abzinanci da Larabci. Masu jin sa 'yan dubbai ne, kusan duka a Ingal da Tigidda. Igdalan suna da nasu, Tagdalt, shi ma daga wannan dangi. A daji Tamashek, wato Abzinanci, da Fulfulde ake yi, Larabawa na Larabcinsu. A kasuwa Hausa ce ke haɗa kowa, kuma mai Hausa ba zai rasa abokin magana a gari ba. Sai dai a zango, musamman wurin mata da tsofaffi, dole a nemi tafinta. Ma'aikacin lafiya da ya yi bayanin magani da Hausa kawai, aka gyaɗa masa kai don ladabi, sau da yawa saƙonsa bai isa ba.

Waɗanne ne manyan garuruwanta, kuma me ake kira gari a can?

Ingal ce hedikwata, nan kasuwa da ofisoshi suke. Tigidda-n-Tesumt tana arewa da ita da kimanin kilomita 90, garin gishiri. Kusa da ita akwai Azelik. Akwai Tigidda-n-Adrar da Tigidda-n-Tagait masu maɓuɓɓugan ruwa, In Abangarit a kan tsohuwar hanyar ayari zuwa arewa, sai Asamaka a bakin iyaka.

Jerin sunayen hukuma ya raba wuraren zama gida-gida: gari mai maigarin da hukuma ta amince da shi, tunga da ke ƙarƙashin wani gari, zangon makiyaya, da mashaya. A Ingal zanguna da mashaya sun fi garuruwan dindindin yawa nesa ba kusa ba. Suna a taswira yana iya zama rijiya ɗaya da aji biyu na makaranta da ɗakin ajiyar hatsi, mutanen kuwa suna warwatse kilomita goma zuwa ashirin kewaye da ita. Irin waɗannan matsugunai sun yawaita ne bayan farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985, lokacin da iyalan da suka rasa dabbobi suka kafa wuri don samun taimako da makaranta, da kuma tabbatar da haƙƙinsu kan ƙasar. Haka kuma wuri ɗaya na iya samun suna biyu ko uku, na Tamashek, na Fulfulde da rubutun Faransanci, har a ƙirga shi sau biyu.

Yaya ake yin gishirin Tigidda-n-Tesumt?

Ba haƙo shi ake yi dunƙule-dunƙule ba, tace shi ake yi. Ana ɗebo ƙasa mai gishiri a zuba cikin manyan ramuka, a kwarara mata ruwan maɓuɓɓuga wanda shi ma mai gishiri ne, a tattake da ƙafa har ta zama taɓo. Sai a bar shi ya kwanta. Ruwan da ya taso sama, wanda yanzu ya yi kaurin gishiri, shi ake kwasa zuwa ƙananan kwamaye masu faɗi marasa zurfi da aka shafe da laka. Rana da iska su ƙafar da ruwan, gishiri ya fito, a tattara. Lakar da aka gama da ita ana jibge ta gefe, ita ce ta taru ta zama tuddan da ke kewaye da wurin. Daga nan a cuɗa gishirin da ɗan ruwa a yi curi ko allo-allo, a shanya.

Gishirin ja-ja ne saboda laka, kuma na dabbobi ne fiye da na miya. Aikin na rani ne: ruwan sama yana tsarma ruwan gishiri ya kuma rushe bakin kwamaye, don haka da damina aiki ke tsayawa, iyalai da yawa su koma Ingal. Guguwar ƙura tana ɓata gishirin, kwamin da ya tsage kuma yana tsiyayar da aikin kwanaki. Babbar wahalar garin ita ce ruwan sha, domin na wurin zartsi ne.

Mece ce lasar gishiri, kuma yaushe ake bikinta?

Tun asali ba biki ba ne, tafiyar kiwo ce. Da damina ta kankama, garkuna daga Adar, Azawak, Damargu da wasu wuraren kudu suna barin ƙasar noma don kada su shiga gonaki, su hauro Irhazer. Nan dabba ke cin ɗanyar ciyawa, ta lashi ƙasa mai gishiri, ta sha ruwan kanwa. Makiyaya sun san wannan na wanke cikin dabba, ya mayar mata da ƙarfin da rani ya cinye, ya ƙara nono da haihuwa, ɗanyen ganye kuma na warkar da dundumin da busasshiyar ciyawa ke jawowa. Ba a afka wa ruwan gishiri da dabba mai yunwa lokaci guda, domin yana sa zawo. A hankali ake sabar mata.

Bikin hukuma ana yin sa a Ingal cikin Satumba, kwana kaɗan, ranar kuma gwamnati ce ke sanarwa kowace shekara. Ana sukuwar raƙuma da kiɗan tande na Abzinawa, samarin Woɗaaɓe na rawarsu cikin kwalliya. Hukuma na amfani da taron wajen yi wa dabbobi rigakafin ciwon huhu da sauran annoba, da ba da takardun haihuwa ga waɗanda ba su da su. Kada a haɗa shi da Biyanu, bikin mutanen gari da ake yi a watan Muharram a Ingal da Agadas.

Ana noma a Ingal?

Noman damina ba ya yiwuwa yadda aka san shi a kudu, kuma dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa ta sa yankin cikin ƙasar kiwo. Abin da ake yi shi ne lambu a bakin korama. Dabinon Ingal, musamman irin da ake kira Almadina, ya yi suna saboda laushi da zaƙi. Da hannu ake yi masa barbara a lokacin sanyi, a ɗauko furen namiji a sa cikin na mace; wanda ya makara da 'yan kwanaki zai samu 'ya'ya marasa kyau. Yana nuna ne gab da damina, ruwan da ya zo da wuri kuma na ruɓar da shi a kan itace. Sauran matsalolin su ne zurfafar ruwan rijiya bayan shekarun fari, ambaliyar korama da ke cin bakin lambu, da wasu ƙananan fararen ƙwari masu manne wa ganye suna tsotse shi. A ƙarƙashin dabinon ana shuka albasa, tumatir da ɗan alkama. Gero kuwa daga kudu ake kawo shi, shi ya sa farashinsa a kan farashin akuya ne ma'aunin yunwa a yankin.

Ƙasar kiwo da rijiya mallakar wa ce?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace haddasa rigima. A dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010, makiyayar arewa ta ƙasa ce, ba wanda zai killace ta ya ce tasa. Abin da doka ta amince wa al'umma shi ne fifiko a yankin da ta saba zama mafi yawan shekara. Fifiko ba hani ba ne: wanda ya haƙa rijiya shi ke fara shayarwa, shi ke tsara layi, amma ba zai hana baƙo mai wucewa ruwa ba. Baƙon kuma wajibinsa ne ya nemi izini, ya bi layi, ya faɗi kwana nawa zai yi.

A aikace, mai riƙe da rijiya shi ke riƙe da ciyawar da ke kewaye da ita da rani, tunda dabba ba ta iya nisa da ruwa. Shi ya sa aka ƙayyade tazara tsakanin mashaya: kilomita 15 ga rijiyar gargajiya, 20 ga ta siminti, 30 ga burtsatse. Inda aka cusa rijiyoyi kusa da juna, ciyawa na ƙarewa tun kafin tsakiyar rani. Inda aka gina rijiyar gwamnati ba tare da an zauna da duk masu shan wurin ba, ƙarfi ne ke maye gurbin tsari. Kafin haƙa sabuwa a nemi izinin hukuma ta hannun kwamitin filaye na komin, a kuma rubuta yarjejeniya da maƙwabta a gaban sarakuna.

Wa ke mulki, magajin gari ko sarakuna?

Duka biyun, kowa da fagensa. Tsarin komin ya tanadi zaɓaɓɓiyar majalisa da magajin gari, masu kula da takardun haihuwa, harajin kasuwa da ƙananan ayyuka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, an rushe majalisun a Afrilun 2024 aka naɗa kantomomi. Shugaban gunduma shi ne wakilin gwamnatin tsakiya. A gefen gargajiya, garin Ingal na da tsohuwar alaƙa da masarautar Agadas, makiyaya kuma na ƙarƙashin shugabannin rukunoninsu da na zuriya: tambari a wajen Abzinawa, arɗo a wajen Fulani. Ikon waɗannan a kan mutane yake, ba a kan fili mai iyaka ba, shi ya sa rijiya ɗaya ke iya haɗa talakawan sarakuna uku. Sulhu kan ruwa, ɓatan dabba ko aure daga wurinsu yake farawa kafin a kai ga jandarma ko alƙali.

Me ke Azelik, kuma da gaske akwai ƙasusuwan dainaso?

Masana da yawa sun tafi a kan cewa kufan Azelik shi ne Takadda, birnin tagulla da matafiyi Ibn Battuta ya ziyarta a 1353, inda ya ga ana narka tagulla ana yin sanduna da ake ciniki da su, ana kuma kai ta har Gobir da Barno. A zamanin nan an buɗe mahaƙar yuraniyom a wurin ƙarƙashin kamfanin SOMINA, haɗin gwiwar Nijar da Sin, wadda ta fara aiki wajen 2010 ta tsaya bayan 'yan shekaru.

Ƙasusuwan dainaso kuwa, wato manyan dabbobin da suka ƙare tun zamanin da, gaskiya ne. Jan lakar da ke gindin Tigidit tana ɗauke da su. Ayarin Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya tono wani dainaso da aka sa wa suna Afrovenator a In Abaka a 1993, an kuma sanar da wani mai suna Jobaria tiguidensis a 1999, wanda sunansa na biyu daga Tigidit aka ɗauko shi. Kayan tarihin ƙasa ne, ɗauka ko sayar da su laifi ne.

Yaya ake zuwa, kuma Asamaka ta Ingal ce?

Babbar hanyar Tawa zuwa Agadas ba ta ratsa garin ba. A Mararraba ake ratsewa a bi reshen da ya nufi Ingal. Tsohuwar hanyar ta cikin garin take bi, kuma kauce masa da sabuwar ta yi ya rage masa ciniki sosai. A Irhazer, arewa da gari, babu kwalta. Lakar Irhazer idan ta jiƙe tana kama mota har gindi, don haka daga Yuli zuwa Satumba tafiyar rabin yini na iya cin kwana uku. A tafi da mota biyu, da ja-gora ɗan yankin, da ruwa da mai fiye da lissafi, a kuma sanar da hukuma kafin tashi, domin sharuɗɗan tsaro da na rakiya suna canzawa.

Asamaka a takarda ta komin Ingal ce, amma a aikace ta Arlit ake zuwa, kimanin kilomita 200. Ita ce ƙofar Nijar zuwa In Gezzam ta Aljeriya, kuma nan baƙin hauren da ake korowa daga Aljeriya ke isowa da ƙafa daga kan iyaka, tafiyar kusan kilomita 15. A wasu lokuta yawansu na fin na mazauna garin, abin da ke ɗora nauyi kan ruwa da ɗan asibitin wurin. Waɗannan mutane masu wucewa ne, ba sa cikin adadin da aka bayar a amsar yawan jama'a, don haka duk mai lissafin ruwa ko magani na Asamaka ya ƙirga su daban.